Akwatin Haruffan Baba

Ranar da aka kira ni daga Damagaram aka ce Baba ya faɗi a bakin ƙofar coci, ina biro, wato ofishinmu, a Yamai ina faɗa da wani abokin aikina a kan girman maɓalli guda. Aikina ke nan. Ni ce nake zama in tsara abin da mutum zai gani a fuskar salula ko tabilet, inda zai danna, abin da zai biyo baya in ya danna, da yadda zai koma baya in ya yi kuskure. Mama har yau cewa take yi ina gyaran waya a babban birni. Na gaji da yi mata bayani, na ƙyale ta.

Yini guda cur na yi a mota. Da na iso asibiti na tarar hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, ya kuma ɗauke masa magana. Likita ya ce hankalinsa garau yake, yana ji, yana gane kowa, harshe ne da maƙogwaro suka ƙi. Ya ja ni gefe ya ƙara da cewa irin wannan ciwo yakan dawo ba sallama, mu kai shi gida mu kula da shi. Na fahimci abin da bai faɗa ba.

Babana, Amos, shekara talatin da takwas ya yi yana jera haruffan dalma a wata ƙaramar maɗaba'a ta mishan. Littattafan waƙa, kalanda, katin biki, takardun lakwal, wato makaranta, duk ta hannunsa suka bi, harafi ɗaya bayan ɗaya. Amma bakinsa kamar an sa masa kwaɗo. Sai ka kwana uku da shi ba ka ji kalma ashirin ba. Mahaifiyata Rut takan ce ita bango ta aura, sai dai bango ne mai cin tuwo. In ta faɗi haka ya kan yi murmushi kawai ya ci gaba da cin tuwonsa.

To ga shi yanzu mutumin da bai damu da magana ba, magana yake nema ruwa a jallo. Tun da muka dawo da shi gida, in Mama ta shigo ɗakin sai ya kafe ta da ido, jijiyoyin wuyansa su miƙe, wani sauti ya fito kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ba ruwa yake so ba, ba juyi ba, mun gwada duka. Akwai abin da yake so ya gaya mata, kuma dukanmu mun san lokaci ba namu ba ne. Na yi wa kaina alkawari sai ta ji shi. Ai ni ce gwanar sa na'ura ta fahimci mutum, haka nake ganin kaina a lokacin.

Cikin kwana biyu na haɗa masa abu a tabilet ɗina. Manyan hotuna shida: kofin ruwa, kwanon abinci, gado, fuska mai jin ciwo, da sauransu. Ya danna hoto, murya ta faɗi abin. Haka aka koya mana, haka ake yi ko'ina. Na ɗora masa a cinya ina jiran yabo. Ya dubi hotunan, ya dube ni, ya sa bayan hannunsa na dama ya ture tabilet ɗin har sai da na cafe shi a bakin gado. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Mama tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke Ƙauna, mutumin da ya jera littafin waƙa guda da hannunsa za ki ba hoton kofi?"

Sai na kawo masa haruffa irin na na'ura mai ƙwaƙwalwa. Nan ma ba ta sake zani ba. Baba bai taɓa taɓa ordinata ba a rayuwarsa, don a ganinsa ita ce ta rufe musu maɗaba'a har aka sayar da haruffan ga masu narka ƙarfe. Yatsansa ya yi ta yawo a kan gilashin kamar baƙo a kasuwar Dole, yana neman harafi guda har gumi ya keto masa. Kafin ya sami na biyu ya gaji, ya rufe ido.

Mako huɗu muka yi a haka. Zafin bazara ya sauko, wuta tana zuwa tana tafiya, Baba yana ramewa. Sai kuma ya tsiri wata ɗabi'a da ta tsorata Mama. Hannunsa na dama ya riƙa tsintar wani abu a kan zanen gado, nan da can, yana kai wa hannun hagun da ya mutu, ya koma ya sake tsinta. Tsofaffi suna cewa in majinyaci ya fara tsintar zane, kaya yake haɗawa. Mama ta shiga kicin ta yi kukanta inda take zaton ba na ji.

Ran nan Baba Tahiru ya zo gaisuwa. Mutumin Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram, Musulmi, jikan marubuta da dukawa, kuma shi ne ya yi shekara talatin yana tsaye kusa da Baba a maɗaba'a, yana juya inji, in an gama bugu ya mayar da kowane harafi gurbinsa. Yanzu yana sassaƙa hatimin roba a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Ya zauna a kujera ya yi ta kallon hannun nan, har na fara jin kunya a madadin Baba. Shef yake kiran Baba tun a maɗaba'a, wato shugaba.

Can ya ce, "Madam, ba kaya Shef yake haɗawa ba. Aiki yake yi."

Mama ta ce, "Wane irin aiki, Malam Tahiru?"

"Jera haruffa yake yi. Dubi, wancan wurin da yake yawan komawa, gidan *a* ne. Yana ɗauka yana sawa a sandar jeri, ita ce a hagu. Magana yake yi tun ɗazu, mu ne ba mu da akwati."

Baba ya juyo da ido ya dubi abokinsa. Hawaye ya gangaro masa ta gefe guda. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don na yi kwanaki ina kallon mahaifina yana magana ina gyara masa zanen gado.

Na san akwatin tun ina ƙarama. Faifan katako ne mai faɗi, an raba shi gurbi-gurbi, manya da ƙanana, ba a rubuta komai a jikinsu ba. Baba ya taɓa gaya mini, a ɗaya daga cikin ranakun da bakinsa ya buɗe, cewa mutanen da suka tsara shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba su bi a, ba, ca ba. Harafin da ake yawan ɗauka suka ba babban gurbi kusa da hannu, wanda ba a cika nema ba suka jefa can kusurwa. Na yi shekaru a lakwal ana koya mini wannan darasi da manyan kalmomin Faransanci, ban taɓa haɗa su biyun ba.

Na duba hotunan irin akwatin a intanet, na kai wa Baba Tahiru rumfarsa. Ya duba ya yi tsaki. Ya ce wannan na Faransawa ne, su *e* suke ci, mu kuwa Hausa *a* take ci, don haka tun farkon zuwansa Shef ya kori *e* daga babban gida ya zuba *a*. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma ya ba su gidajen waɗansu haruffan Faransanci da ba mu da aiki da su. Akwatin Baba babu irinsa a duniya, kuma an riga an yi makamashi da shi.

Na ce, "To Baba Tahiru, zana mini shi."

Ya ɗauki alƙalami, ya tsaya, ya ajiye. "Ɗiyata, kaina bai sani ba. Hannu ne ya sani."

Sai muka shimfiɗa kwali a kan teburinsa, muka ja layukan gurabe da alli. Ina karanto kalmomi daga wata tsohuwar jarida, shi kuma ya rufe ido, hannunsa yana tafiya da kansa, ina bin sa ina rubuta inda ya sauka. Kwana uku muka yi. Masu zuwa karɓar hatimi suna tsayawa kallonmu, wani har ya tambaya ko duba muke yi. A tsakani Baba Tahiru yana ba ni labarin kakansa, wanda yake rubuta littattafai da alƙalamin kara a warwatsattsun takardu marasa ɗinki. A ƙasan kowane shafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa, don kada hannun mai karatu ya ɓata, ya kuma bar gefe mai faɗi don babban yatsa ya sami wurin zama ba tare da ya taka rubutu ba.

Ya ce, "Wannan 'yar kibiyar da kuke sawa a waya, a danna a wuce gaba, mun riga ku, ɗiyata. Ku dai kun sa mata wuta ne."

Don sauri ban gina abin daga tushe ba. Na ɗauko ƙashin wani aiki da muka yi wa ƙananan asibitocin karkara, inda mata suke shigar da bayanansu a tabilet guda, na cire abin da ke kai, na shimfiɗa akwatin Baba. Gurabe ba tare da rubutu ba, kamar na asali. A sama na sa sandar jeri, inda haruffa suke fitowa a kife, ƙafafu a sama, yadda mai jeri yake ganinsu a dalma. A kusurwa na sa maɓalli guda mai suna *buga*. In an danna shi, rubutun ya miƙe daidai, murya ta karanta. Na ji daɗin kaina ƙwarai a kan wannan kifewar, na ce ko Baba sai ya sara mini.

Ran Talata da hantsi na ɗora masa a cinya. Hannun ya tsaya a sama, ya daɗe. Sai ya sauka, ya tashi, ya sauka. Bai duba gilashin ba ma, rufi yake kallo. Ni na iya karanta kifaffen rubutu tun ina 'yar shekara bakwai, don haka ina biye da shi numfashina a tsaye. Da ya gama ya bi layin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, a hankali, yana duba kuskure. Na miƙa hannu zan danna masa *buga*, ya harare ni na janye. Mai jeri ba ya ba da izinin bugu sai ya duba aikinsa. Sai da ya gamsu ya danna da kansa.

Muryar ta ce, "Gefe ya yi kaɗan."

Maganar mahaifina ta farko ke nan bayan mako biyar, gyara ce ga aikina. Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni ma ina dariya ina kuka. Kuma gaskiyarsa ce. Tafin hannunsa yana taɓa guraben bakin gilashi ba da niyya ba, yana zuba masa haruffan da bai nema ba. Layin nan guda ya cinye masa ƙarfin yinin, ya yi barci har yamma.

Washegari na faɗaɗa gefen. Baba Tahiru ya ba da shawara a yi wa gilashin siririn firam na katako mai gurabe, don yatsa ya ji bango kamar dā. Bayan azahar na bar tabilet ɗin a kan matashi a cinyar Baba, ni da Baba Tahiru muka hau kabu-kabu muka tafi wurin kafinta. Kafintan irin mutanen nan ne da sai an faɗa musu abu sau uku su yi na huɗu, muka daɗe muna gwadawa muna kankarewa. Ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi.

A ƙofar gida na yi karo da matan zumunta na cocinmu suna fita, su wajen goma, cikin anko, suna yi mini sannu da jinya. Na shiga ɗaki da firam a hannu ina fara'a. Baba ya juya fuska bango. Matashin da ke ƙarƙashin kumatunsa ya jiƙe. Tabilet yana cinyarsa, sandar jeri wayam.

Mama ta riƙo ni ta ce, "Yauwa, zo ki fito mana da shi. Ya rubuta, Ƙauna. Ya rubuta da yawa."

Ga abin da ya faru, yadda ta ba ni. Ina fita ya kamo bakin zanenta ya ja, ta zauna kusa da shi. Ya nuna ta da yatsa, ya nuna gilashi, ya fara. Yana jerawa yana hutawa, yana jerawa yana hutawa, tun bayan azahar har la'asar ta wuce. Tana ganin haruffan suna taruwa amma ba ta iya karanta su a kife. Sau biyu ta kai hannu ga *buga*, sau biyu ya tare ta, wato ta dakata bai gama ba. Yana cikin layi na uku matan zumunta suka yi sallama. Wa zai ce wa masu zuwa duba mara lafiya su jira a waje? Shugabarsu, Mama Jummai, mace mai kirki da ta yi mana hidima tun ranar farko, ta durƙusa ta kama hannunsa na dama da hannayenta biyu. Suka yi waƙa, suka shiga addu'a ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fara nishi yana jan hannu, suka ɗauka amin yake cewa, suka ƙara ƙaimi. Da suka buɗe ido babu komai a gilashin.

Tun kafin ta gama na san abin da ya faru. A aikin asibitocin nan akwai wata ƙa'ida: in aka yi minti goma ba a taɓa gilashi ba, duk abin da aka shigar ya goge, kada ya ajiye ko'ina. Ni na sa ta. Na yi faɗa a biro kafin a yarda da ita, don kada mace ta bar sirrin ciwonta a buɗe wadda ke bayanta a layi ta karanta. Har yabo na samu a kanta. Da na kwaso ƙashin aikin na kwaso da ita ban tuna ba, kuma duk gwajin da na yi da yatsuna masu sauri na yi shi, ban taɓa ajiye abin na minti goma ba.

Baba Tahiru yana tsaye a bayana. Ba da zargi ya faɗa ba, tambaya yake yi tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Mu a wurinmu in an tashi cin abinci, ajiye rabin layi ake yi a kan tebur, a dawo a tarar da shi. Ko kwana ya yi yana nan. Wannan ba ya jira ne?"

Na ce, "Ba ya jira, Baba."

Cire ƙa'idar bai ɗauke ni minti biyu ba. Na ɗora firam ɗin, ya zauna daram, na durƙusa a gaban gado na ce, "Baba, ka yafe mini, laifina ne. Na gyara. Yanzu ko shekara ka yi zai jira ka." Ya juyo ya dube ni. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Gajiya ce kawai. Ya ɗora hannunsa a kaina na ɗan lokaci, sannan hannun ya zame ya koma kan zane.

Kullum da safe ina ɗora masa tabilet ɗin. Sau biyu hannun ya tashi ya tsaya a sama, ya koma bai taɓa komai ba. Tsintar zanen ma ya daina. A rana ta tara, da hantsi, Mama tana shafa masa mai a ƙafa, ciwon ya dawo kamar yadda likita ya faɗa. Kafin a samo mota ya cika.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, muna zaune da Mama a tsakar gida da rana muna ware kwanukan maƙwabta da za a mayar.  Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tabilet ɗin, ta riƙe shi da hannu biyu kamar kwanon da aka cika da mai, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ke da kika san cikinsa. Abin da ya rubuta, ba ya nan ne can ƙasa-ƙasa? Na ji ana cewa waya ba ta mantuwa."

Na so in yi mata ƙarya. Na san irin kalmomin da za su sanyaya mata rai, kuma zan iya jera su a kife cikin minti biyar in ce na tono su, ba wanda zai taɓa sani. Na dubi fuskarta na kasa.

Na ce, "Ba ya nan, Mama. Ni na ce masa ya goge, kuma ya ji maganata."

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi tabilet ɗin ta goge gilashin da bakin zanenta, ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon guraben.

Ta ce, "Layi biyu ne da rabi. Na ƙirga. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, bai taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba."